Ta ina za mu fara sanin tsuntsayen tsakar gidanmu?

Wata malama daga Kano ta aiko da tambaya. Ta ce ɗanta mai shekara 10 ya ishe ta da tambayar sunayen tsuntsayen da ke sauka a gidansu, ita kuwa in an cire kurciya da hankaka da shirwa, sauran duk "tsuntsu" ne a wurinta. Akwai darbejiya a ƙofar gidan, akwai mangwaro a ciki. Tana so ta san ta ina za su fara, ko sai sun sayi madubin hangen nesa, ko ya dace su riƙa zuba musu hatsi, da kuma yadda za ta yi da danƙon da yaron ya ƙi rabuwa da shi.

Malama, Allah ya raya mana shi, ya yi masa albarka. Kada ki sayi komai tukuna. Abin da kuke bukata a watannin farko duk yana gidan: tabarma, littafin rubutu, biro, da kasko ɗaya na ruwa. Ku zaɓi wuri guda a inuwa, inda rana za ta kasance a bayanku, ku riƙa zama a nan a lokaci guda kullum. Lokacin da ya fi shi ne daga wayewar gari zuwa hantsi, sai kuma bayan la'asar in rana ta yi sanyi. Minti 15 ya isa, in dai za a yi shi a kai a kai. Tsuntsun gida yana da hanyarsa da lokutansa, reshen da ya sauka a kai jiya shi zai sauka a kai gobe, kuma in ya saba ganinku a zaune ba ku motsi, zai daina lissafa ku cikin abin tsoro. Na fi son mutum ya san tsuntsaye 10 na gidansu ciki da waje, da ya haddace sunaye 100 daga hoto. Wanda ya san na kullum sosai, ranar da baƙo ya sauka tun bai gama zama a reshe ba zai gane cewa wannan ba ɗan gida ba ne.

In tsuntsu ya sauka, kusan kowa launi yake fara dubawa. Ki koya wa yaron ya bar launi sai ƙarshe. Ya fara da girma: ya kai gwara, ko kurciya, ko hankaka? Waɗannan ukun su ne ma'auninku. Sai baki, domin baki shi ke faɗin abincin tsuntsu. Gajere mai kauri na masu fasa ƙwayar hatsi ne, siriri mai tsini na masu kama ƙwari ne, dogo mai lanƙwasa na masu shan ruwan fure ne, mai ƙugiya na masu cin nama ne. Sai a duba inda yake da abin da yake yi: a ƙasa yake kiwo ko a saman bishiya, tafiya yake yi ko tsalle, shi kaɗai ne ko cikin garke. Sai kuka. Dalilin ajiye launi a baya shi ne, yana yaudara. Ƙurar hunturu tana dusashe shi, hasken tsakar rana yana cinye shi, mace da namiji sukan sha bamban, kuma mazan wasu tsuntsayen suna sauya gashi gaba ɗaya tsakanin damina da rani.

Ku fara da kurciyar da kika ce kin sani, don na tabbata akwai abin da ba ki taɓa lura da shi ba a jikinta. Wadda ta fi yawa a gidajen Kano ita ce ƙaramar nan mai kai ja-ja, mai ɗigo-ɗigon baƙi a gaban wuya, da toka-toka mai ɗan shuɗi a fiffike. In ta tashi za ki ga fari a gefen jelarta. Ba ta da baƙin layi a bayan wuya. In kuka ga mai baƙin layi a ƙeya, to wata iri ce daban, ku rubuta ta daban. Sannan ku kalli yadda take shan ruwa. Kaza da gwara sukan ɗebi ruwa a baki su ɗaga kai sama ya gangara. Kurciya kuwa tsoma baki take yi ta zuƙa ba tare da ta ɗago ba, har sai ta ƙoshi, haka ma tattabara da duk danginsu. Sheƙarta 'yan tsinke ne kawai aka gicciya, har ana hango ƙwai ta ƙasa. Ƙwai 2 take yi, farare, a ƙyanƙyashe su cikin mako 2, kuma miji da mata ne ke karɓa-karɓar kwanci, shi da rana, ita daga yamma har ta kwana. In 'ya'yan sun fito, ba hatsi ake fara ba su ba. Uwa da uba duka suna fitar da wani farin abu mai kauri daga cikin maƙoshinsu, ɗan ya cusa bakinsa cikin na mahaifinsa ya sha. Ki sa yaron ya nemi wannan da idonsa, daga nesa. Yaron da ya ga haka sau ɗaya da wuya ya sake ɗaga danƙo ya auna kurciya.

A saman rufi da tankin ruwa za ku ga hasbiya, mai girman tattabara, da jan fata kewaye da ido da farin ɗigo a fiffike. In unguwarku tana gefen gari inda akwai fili da yashi, bardo ma yakan zo shan ruwa, ɗan ƙarami mai doguwar jela, namijin da baƙar fuska har ƙirji.

Yanzu ku sauko da ido ƙasa, wajen turmi da inda ake shiƙa ko wanke-wanke. A nan ne matan gida suka fi kowa damar gani, don su waɗannan ƙananan har kusa da ƙafar mai surfe suke zuwa. Gwara kin san shi, kai toka-toka, baya ja-ja. Akwai beni, ɗan mitsitsin nan da bai wuce santimita 10 ba. Namijin ja ne, matar kuma ƙasa-ƙasa ce, sai ɗan ja a gaban ido da saman jela. Yakan yi sheƙa a cikin jinka, ko ramin katanga, ko bayan tarkacen da aka jingine, ya shimfiɗe cikinta da gashin kaji. Tare da shi sau da yawa za ki ga wani mai irin girmansa amma shuɗi-shuɗi ne a fuska da ƙirji. In yana da jan tabo a kumatu namiji ne, in babu mace ce. Shi wannan yana da wata dabara: yakan kafa sheƙarsa dab da gidan rina a cikin ƙaya, yadda duk mai son kaiwa ga ƙwansa sai ya fara haɗuwa da su.

Abin da nake so ku zuba wa ido sosai shi ne wannan. Daga tsakiyar damina zuwa kaka, in akwai beni a gidan, ku duba saman wayar lantarki ko ƙololuwar darbejiya. Za ku iya ganin wani ɗan ƙaramin tsuntsu baƙi wuluk mai sheƙi, baki fari-fari, ƙafafu ja-ja, ya kafe a wuri ɗaya yana ta rera kuka rana tsaka. Wannan ba ya yin sheƙa ko kaɗan. Matarsa, wadda za ki ɗauka gwara ce in ba ki lura ba, ita ke faki idon beni ta saka ƙwanta a cikin nasa. Beni ya ƙyanƙyashe, ya ciyar da ɗan tare da nasa, domin baƙon ba ya ture 'ya'yan gida. Yadda yake tsira shi ne, cikin bakin 'ya'yan beni akwai wasu ɗigo da launuka da iyaye ke gane nasu da su in sun buɗe baki neman abinci, kuma ɗan baƙon da irin wannan zanen sak yake fitowa. In ya girma, namijin yakan cusa kukan beni cikin nasa kukan, wanda ya koya tun yana sheƙa, matan kuma da wannan suke zaɓen miji. Duk wannan a tsakar gida yake faruwa, tsakanin rijiya da madafa. Bin diddigin irin wannan kukan ne ya kai masana ga gano wani dangin beni da ba a san shi ba a duwatsun Filato, aka bayyana shi a 1998.

Hankaka ma haka ake yi masa. Muna cewa hankaka mai da ɗan wani naka, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganar, sai dai ba sata yake yi ba, ɗora masa ake yi. Akwai wani tsuntsu mai tukku da doguwar jela da farin ɗigo a baya, wanda ke saka ƙwansa a sheƙar hankaka ya yi gaba. Na tabbata magabatanmu sun ga hankaka yana ciyar da ɗan da bai yi kama da shi ba, shi ya sa maganar ta zauna. Ban da wannan, hankaka ya cancanci a zauna a kalle shi. Yana gane lokacin da ake zubar da shara, yana ɓoye abinci, kuma su biyu sukan haɗa kai su kori shirwa daga unguwa.

Wanda zai fara tashinku da kuka tun kafin gari ya gama wayewa, mai yiwuwa wani ne da ya ɗan fi gwara tsawo, jiki ƙasa-ƙasa, kai ya fi jiki duhu da ɗan tudu a ƙeya, ciki fari-fari. Ba shi da ado, amma muryarsa a sake take, gaɓa huɗu ko biyar yana ta maimaitawa. Shi ne mai fafe gwanda da mangwaro in sun nuna, shi ne kuma mai haɗiye 'ya'yan darbejiya ya je ya yar da ƙwallon a wani wuri. Ku riƙe kukansa da kyau, don shi za ku fi ji, kuma sai kunne ya iya ware shi gefe sannan sauran muryoyin za su fito. In akwai kango ko lambu mai duhuwa kusa da ku, za ku ji ragon maza, wanda kukansa ke gangarowa kamar ana tsiyaye ruwa daga tulu. Babba ne, kai da jela baƙi, fiffike ja, ciki fari, ido ja. Ya fi son rarrafe cikin ciyawa da tashi sama.

Ku duba rassan mangwaro da na darbejiya ko akwai kauci. In akwai, to kuna da sha-kauci, 'yan ƙananan nan masu dogon baki siriri da ke bin fure. Namijin a inuwa baƙi za ki gan shi, sai ya juya rana ta taɓa shi ki ga kore da ja suna walƙiya. Wasu mazan suna da gashi biyu dogaye a jela. Suna son furen zogale ƙwarai, don haka in kina da wuri ki dasa ko da guda biyu ne, kin samu na miya kin samu baƙi.

Da damina kuma, in Allah ya sa marai suka zaɓi bishiyar unguwarku, to makarantar ta zo har gida. Na san hayaniyarsu da kashinsu suna damun mutane, na kuma san suna taɓa gero, amma in an daure ba a kakkaɓe sheƙar ba, babu abin da ya kai su koyar da yaro. Namiji ne ke saƙa, mai baƙin kai da jiki rawaya da jan ido. Yakan je ga ɗanyar ciyawa ko ganyen dabino, ya ɗan tsaga gefe da baki, ya tashi da shi ya yage zare mai tsawo. Da farko zobe yake ƙullawa a reshe, ya tsaya a cikinsa, ya saƙa ɗaki a gabansa da ƙofa tana kallon ƙasa. Zare wajen 300 ke shiga sheƙa ɗaya, kuma yakan gama ta cikin kamar yini guda. Daga nan ya rataye a ƙasanta kai a ƙasa, yana kaɗa fiffike yana kuka. Mace ta zo ta shiga ta duba, ta ja nan ta ja can. In ta yarda, ita ke kawo laushin ciyawa ta shimfiɗa a ciki. In kwanaki suka wuce ba wadda ta karɓa har sheƙar ta bushe, shi da kansa zai warware ta ya sake sabuwa a wurin. Ku ɗauki wadda ta faɗo ƙasa ku duba ƙullin. Da rani kuwa za ku neme su ku rasa, alhali suna nan, mazan ne suka zubar da ado suka koma kamar matan.

A sama akwai tsattsewa, kuma iri biyu ne mutane ke haɗawa. Wadda ke sauka a waya, mai sheƙar laka a baranda ko zaure, daban take da wadda ba za ki taɓa gani a waya ba. Ita ta biyun ƙafafunta gajeru ne ƙwarai, sai dai ta maƙale a bango, kuma a sama take ci take sha. Su ne masu farin tabo a saman jela da ke zagaye gadoji da dogayen gine-gine da magariba suna tsuwa a tare. In akwai giginya a kusa, ku tsaya ƙarƙashinta. Akwai wata siririya mai launin toka da ke liƙa 'yar sheƙar gashi a jikin ganyen da yawunta, sannan ta liƙe ƙwan ma da yawu, don kada iska ta kaɗa ganyen ya faɗo.

Akwai tsuntsun da ba za ku gani ba, kuma ina so ki gaya wa yaron labarinsa. Ki tambayi duk wanda ya haura shekara 40, zai gaya miki yadda ungulu ke cika mayanka da kasuwa da kan rufin gidaje, har ana kora ta da ƙafa. Yau yara da yawa a Kano sun girma ba su taɓa ganinta ba sai a karin magana. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa irin ungulun garuruwanmu cikin jerin waɗanda ke dab da ƙarewa. Abin da ya cinye ta sananne ne: farautarta don sayar da kai da sassan jiki ga masu tsibbu, guba da ake sa wa a mushe, da sare manyan bishiyoyin da take sheƙa. Ƙwai ɗaya tak take yi a shekara, don haka in aka kashe manya babu mai maye gurbi da wuri. Abin da ke ci mini rai shi ne, ta ɓace a gaban idon kowa, kuma da wuya ki sami unguwar da wani zai iya faɗin shekarar da ya yi mata ganin ƙarshe, saboda ba wanda ya ga dalilin rubuta abin da yake gani kullum. Gauraka ma, da ake kira tsuntsun ƙasa na Najeriya, ta yi wuyar gani a yau. Wannan ne ya sa nake matsa wa kowa a kan littafin rubutu.

Rubutun ba wahala. Kwanan wata, lokaci, abin da aka gani, guda nawa, me yake yi. In ba ku san suna ba, ku zana shi ku ba shi sunan gida kafin ku samu na gaskiya, kuma ku tambayi tsofaffi, musamman waɗanda suka tashi a ƙauye, don sunayen nan suna bakinsu kuma suna bambanta daga gari zuwa gari. Bayan shekara guda littafin zai fara yi muku magana. Za ku ga ranar da shamuwa ta fara bayyana, wajen watan Afrilu zuwa Mayu, gabanin ruwa. Tana zuwa ne ta yi sheƙa a kuka ko tsamiya a tsakiyar mutane, ta ciyar da 'ya'yanta da fara da tsutsa, in damina ta ƙare ta bi ruwa ta gabashin Afirka har Zambiya da Zimbabuwe da Afirka ta Kudu. Za ku ga balbela ta yi ja-ja a kai da ƙirji lokacin sheƙa, ta koma fara fat da rani. Za ku ga yawan shirwa yana hawa yana sauka da lokaci. Daga Oktoba kuma baƙin Turai ke isowa bayan sun ƙetare Sahara. Wanda ya fi sauƙin gani shi ne wani siriri mai rawayan ciki da ke bin ƙafar shanu da gefen lambun rani yana kaɗa jela sama da ƙasa. Nauyinsa bai kai giram 20 ba in ya iso, sai wajen Maris ya tara kitse ya juya arewa. Alhudahuda, wanda Alƙur'ani ya ba da labarinsa da Annabi Sulaiman a Suratun Namli, shi ma yakan sauka a fili yana caka dogon bakinsa a ƙasa. In kuna da manyan bishiyoyi masu kogo, cilakowa na iya zuwa. Matarsa kan shiga kogo a toshe ƙofar da laka da kashi, a bar 'yar tsaga, miji ya riƙa miƙo mata abinci har 'ya'ya su yi ƙwari. Gida mai bishiya biyu kamar naku, ba zan yi mamaki ba in kun haura iri 25 kafin shekara ta zagayo. Najeriya gaba ɗaya tana da sama da iri 900.

Batun hatsi kuwa, ruwa ya fi shi nesa ba kusa ba, musamman daga Fabrairu zuwa saukar damina. Hatsi masu cin hatsi kawai yake kirawo, ruwa kuwa kowa yana zuwa. Ki sami kasko mai faɗi marar zurfi, ruwan kada ya wuce gaɓar yatsa biyu, ki sa dutse a tsakiya don ƙananan su sami wurin tsayawa. Ki ajiye shi a inuwa kusa da bishiya, amma ba a lungun da kyanwa za ta laɓe ba. A zubar a wanke a sake kullum. Sauro yana bukatar kamar mako guda daga ƙwai zuwa tashi, don haka ruwan da ake sauyawa kullum ba zai haifar muku da shi ba. In kina kiwon kaji, ki raba musu wurin sha da na tsuntsayen waje. Murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatar da ita a Najeriya a jihar Kaduna a 2006, tana iya bi ta ruwa da kashi. Kada yaro ya ɗauki mataccen tsuntsu da hannu, kuma in kuka ga suna mutuwa da yawa a sanar da ma'aikatan lafiyar dabbobi. In kina son zuba abinci, tafin hannu ɗaya na gero ko tsaki da safe ya isa, wanda zai ƙare kafin hantsi. Abin da ya kwana na ɓera ne. Kada a ba su abin da ya yi fumfuna, ko mai gishiri da mai.

Tunda an ambaci ɓera, bari in yi wa mujiya magana, don na san abin da ake faɗa a kanta. Farar nan mai faffaɗar fuska da ke kwana a silin ko kango tana tsuwa da dare, ɓera da jaɓa ne abincinta, kuma iyali ɗaya na cinye sama da ɓera 1,000 a shekara. In kuka sami inda take kwana, za ku ga wasu dunƙule-dunƙule baƙaƙe a ƙasa. Gashi da ƙashin da ba ta narkar ba ne take amayarwa. A sa tsinke a buɗe ɗaya, yaron zai ga ƙoƙon kan ɓera da haƙoransa, sannan a wanke hannu da sabulu. Maganin ɓera yana kashe ta in ta ci wanda ya sha guba, sai a rasa mai gadin a bar ɓarayin.

Danƙo kuma, shawarata kada ki fara da ƙwacewa, zai je ya ɗaure wani. Yaron da ke harbi ya riga ya iya sanɗa, ya san reshen da kurciya ke kwana, ya iya tsayawa cik. Wannan ita ce ƙwarewar da ake nema, hanya kawai za a sauya mata. Ki ba shi littafin ya zama nasa, ki ce shi ne mai ƙirga, kuma duk wanda ya harbe ya rage masa lissafin gobe. Ki kuma gaya masa hadisin nan da Abu Dawud ya ruwaito, inda wasu sahabbai suka ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa a tafiya, ta zo tana ta kaɗa fiffike, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce su su mayar mata da 'ya'yanta. Dokar sheƙa ke nan a gidanku: a kalla daga nesa, ba taɓawa, ba yawan leƙe, don hankaka da kyanwa suna lura da inda mutum ke yawan zuwa. Ɗan tsuntsun da ya yi gashi yana tsalle a ƙasa ba maraya ba ne, iyayensa na kusa. A ɗora shi a reshe a kauce.

In kuka yi wata 3 ko 4 sha'awar ba ta gushe ba, sannan a yi maganar madubi. Ki nemi mai lamba 8x42 ko 8x32. Lambar farko ita ce yawan kusantowa, ta biyu faɗin gilashin gaba a milimita. Ki guji masu arha da ke ɗauke da manyan lambobi, hoton rawa yake yi kuma duhu ne. A waya akwai manhajar Merlin da ke taimakawa wajen gane tsuntsu daga hoto ko kuka, sai dai ta fi ƙwarewa a na Turai da Amurka, don haka abin da ta faɗa a tabbatar da ido kafin a rubuta. Lissafin naku kuma yana da inda za a kai shi. Cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke dajin Amurum kusa da Jos, ƙarƙashin Jami'ar Jos, ta fara aikin taswirar tsuntsayen Najeriya tun ƙarshen 2015. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kamar kilomita 9 tsawo da faɗi, kuma mutane ne irinku ke aika abin da suka gani ta manhajar BirdLasser. Gwara da kurciyar unguwarku ma ana son labarinsu. In hali ya yi wata rana da hunturu, ki kai shi dausayin Haɗejiya da Nguru ya ga agwagin Turai da kirinjijiya da dinya dubbai a kan ruwa.

Sai a kiyaye abu guda in madubin ya zo. Unguwanninmu gida na jikin gida ne, kuma mutum ba zai san tsuntsu kake kallo ba in ya ga an saita gilashi ta saman katangarsa. Kada yaron ya hau rufi ko bene da shi, kada ya auna gidan kowa, kada kuma ya fito da shi kusa da bariki ko ofishin 'yan sanda ko shingen jami'an tsaro. In za ku fita bayan gida, ku fara gaya wa maƙwabta da mai unguwa abin da kuke yi, ku miƙa wa yaransu su ma su leƙa.